Mai lensin tsuntsaye da ya koma bin ƙwari: nazarin sati 12

Yadda abin ya faro

Mutumin da zan ba ku labarinsa ƙanin abokina ne, ba zan faɗi sunansa ba, ya kai shekara uku yana ɗaukar hoton tsuntsaye kafin wannan lamarin. Kayan aikinsa biyu ne kacal, tsohuwar kamara DSLR mai ƙaramar sensa (farantin da ke kama hoto a cikin kamara), irin wadda ake kira APS-C, megafiksel 18, sai lensi ɗaya, Canon EF 400mm f/5.6L. Wannan lensin tun 1993 ya fito, nauyinsa kilo ɗaya da kwata, ba shi da na'urar hana rawar hannu a cikinsa, kuma iyakar kusancin da yake iya kama fokas mita 3.5 ne daga sensa. A wannan tazarar girman da abu ke fitowa a kan sensa 0.12x ne, ma'ana ƙwaro mai tsawon santimita 5 zai zauna a kan sensa da tsawon milimita 6 kawai. Sensar tasa kuwa faɗinta milimita 22 ne da ɗan ɗoriya, to in ka yi lissafi za ka ga a kusancin ƙarshe hoton yana kwashe fili mai faɗin santimita 18 zuwa 19.

Shi dai bai san duk wannan lissafin ba a lokacin. Abin da ya sani shi ne wata rana yana zaune bakin wani tafki yana jiran zalɓe, zalɓe bai zo ba, sai ga mazari ja, wannan ƙwaron mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa, ya sauka kan wani busasshen tsinke daf da gwiwarsa. Ya ɗaga kamara, lensi ya yi gaba ya yi baya, ya ƙi kamawa. Da daddare ya kira ni ya ce "Yaya, lensin da ke kawo min tsuntsu daga mita 20, ya za a yi ya kasa kama abin da ke gabana?" Burinsa kenan daga ranar, ya cika hoto da mazari ba tare da ya sayi wani lensi ba.

Sati na 1 da na 2: ya matsa, ya ja da baya

Matsalar farko ma ba ta kai ta kawo ba. A jikin lensin akwai ɗan makunni da ke taƙaita inda otofokas zai nema, ɓangare ɗaya daga mita 3.5 zuwa nesa, ɗayan daga mita 8.5 zuwa nesa. Masu tsuntsaye suna barinsa a 8.5 don fokas ya yi sauri, shi ma can ya bar shi tun ranar da ya sayi lensin har ya manta da shi. Kwana huɗu yana fama kafin ya lura. Da ya mayar da shi 3.5 sai lensin ya fara kamawa, amma sai ya ja da baya taku huɗu ko biyar daga ƙwaron.

Hotunan wannan satin sun fito tas, ba laifi, sai dai mazarin ɗan mitsitsi ne a tsakiya, bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton ba, sauran duk ciyawa ce da ruwa. In ya ƙara taku ɗaya gaba sai komai ya narke. Har zare ya ɗaura a ƙafarsa mai tsawon mita 3.5 wai don ya riƙa auna tazara, abin da bai yi kwana biyu ba ya watsar.

Sati na 3: yankan hoto, sannan talikonbata

Dabarar da kowa ke fara yi ita ya yi, ya yanke gefe da gefe a kwamfuta. Faɗin hoton kamararsa fiksel 5184 ne, da ya yanke ya bar fili mai faɗin santimita 10 sai ya rage da wajen megafiksel 5. A waya abin ya yi kyau har mutane suna yabawa, amma da ya buɗe a babban allo jijiyoyin fukafukin sun haɗe da juna, idon kuma ya zama kamar an ɗiga jan fenti.

Sai ya aro talikonbata 1.4x, wannan gilashin da ake sawa tsakanin kamara da lensi. Da shi 400mm ya zama 560mm, tazarar mita 3.5 tana nan yadda take, girman ya tashi daga 0.12x zuwa wajen 0.17x, filin hoton ya ragu zuwa santimita 13. An samu ci gaba. Sai dai talikonbata 1.4x yana cin rabin haske, lambar ƙofar haske, wadda tashinta ke nufin ƙarancin hasken da ke shiga, ta tashi daga f/5.6 zuwa f/8, kuma yawancin kamarorin DSLR na wancan zamanin otofokas ɗinsu ta wurin leƙe f/5.6 ne iyakarsa, tasa ma haka. Dole ya koma juya fokas da hannu, yana leƙe ta wurin da ya ƙara duhu, ga lensi ya ƙara tsawo rawar hannu ta ƙaru. Kwana biyar ya mayar wa mai shi da kayansa.

Sati na 4 da na 5: gilashin gaba

Nan ne ya fi shan wahala. Ya samo gilashin kusa, irin wanda ake ɗaurawa a bakin lensi kamar filta, mai ƙarfin +2, mai faɗin 77mm daidai bakin lensinsa. Yadda wannan gilashin ke aiki kamar tabarau ne na karatu aka sa wa lensi, +2 yana nufin abin da ke santimita 50 daga bakin lensi shi zai fito garau, kuma girman da zai bayar shi ne tsawon lensi raba 500, wato 400 raba 500, 0.8x kenan. Daga 0.12x an yi tsalle zuwa 0.8x. Ranar da ya gwada a ɗaki kan kan ashana ya turo min hoto da murna, wai an gama.

A waje labari ya sha bamban. Filin hoton yanzu bai kai santimita 3 ba, mazari ba ya shiga gaba ɗaya. Wurin da fokas ke kamawa daga wajen santimita 43 ne zuwa 50, in abu ya fita daga wannan 'yar tazarar babu abin da za ka juya ya fito. Kaurin wurin da ke fitowa tas a f/8 bai kai milimita ɗaya ba, numfashi kaɗai ya isa ya fitar da kai. Ga shi gilashin nasa na araha ne mai fuska ɗaya, sai gefen duk wani abu mai haske ya riƙa fitowa da zane shuɗi-shuɗi da kore. Masu kyan irin wannan gilashin fuska biyu ake haɗawa don a kashe wannan zanen launin, kamar gilashin kusa na Canon 500D, nasa ba irinsu ba ne.

Babbar matsalar ma ba ta gilashi ba ce. Santimita 50 ya yi kusa da yawa, ka tuno da baƙin bututu mai tsawon santimita 25 yana nufo ƙwaron da idanunsa suka kusa rufe kansa gaba ɗaya. Kafin ya kai mita ɗaya sun tashi. Sati biyu abin da ya samu hoton tsinke ne babu kowa a kai, da kuma gizo-gizo guda ɗaya da bai damu da shi ba.

Sati na 6: zoben ƙari

Ni na ba shi aron nawa, saiti ne na zobe uku, 12mm da 20mm da 36mm, irin masu wayar lantarki a ciki don kamara ta ci gaba da magana da lensi. Zoben ƙari babu gilashi a cikinsa ko kaɗan, fanko ne, aikinsa kawai ya nesanta lensi daga sensa, shi kenan sai lensin ya iya kama abin da ya fi kusa. Lissafinsa mai sauƙi ne, ka raba tsawon zoben da tsawon lensin ka ƙara a kan girman da lensin yake da shi. Shi ya sa zoben da ke yin abin mamaki a kan lensi 50mm, in ka kai shi kan 400mm sai ka ga kamar bai yi komai ba, 12mm ɗin nan da ya fara gwadawa har tambayata ya yi ko ya lalace ne.

Da 36mm girman ya kai wajen 0.22x, yana iya matsowa har mita 2 da 'yan kai, filin hoton ya koma kamar santimita 10. Mazari mai buɗaɗɗen fukafuki ya cika fiye da rabin hoto, kuma a mita 2 yawancinsu ba sa tashi. Ya gwada haɗa ukun duka, 68mm, girman ya kai wajen 0.3x, amma haɗin ya riƙa ɗan lanƙwasa saboda nauyi, otofokas ya shiga neme-neme, wurin leƙe ya ƙara duhu. Ya koma 36mm shi kaɗai ya tsaya a nan.

Abin da zoben ya ci masa guda biyu ne. Haske ya ragu da kamar rabin mataki (cikakken mataki shi ne haske ya ragu da rabi). Sannan nesa ta tafi gaba ɗaya, da zoben a jiki duk abin da ya wuce wajen mita 5 ba ya kamuwa.

To an samu girman da ake nema, sai kuma ga sabuwa. Ya dawo gida da memori cike, ya buɗe a kwamfuta, da ƙyar ya tsinci biyu ko uku masu kyau, sauran duk dishi-dishi. Ya ce min "Yaya zoben nan naka yana ɓata hoto." Na ce masa zoben da babu gilashi a ciki da me zai ɓata hoto, ka kawo su mu gani.

Sati na 7 zuwa na 9: neman inda dishi-dishin yake fitowa

Kafin ya kawo ma ya riga ya yi nasa maganin, wanda ya ƙara dagula abin. Ya ji an ce in kana so komai ya fito a fokas ka tsuke ƙofar haske, sai ya kai ta f/22. Shi kuma mutum ne mai tsoron ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske in haske ya yi ƙaranci, tun yana ɗaukar tsuntsaye ba ya yarda ya wuce 200 saboda wai hoto zai yi yashi-yashi. A f/22 da ISO 200, ko a tsakar rana, saurin shota, wato ɗan lokacin da kamara ke buɗewa haske ya shiga, ya faɗo wajen 1/80 na daƙiƙa. Lensi 400mm a hannu a 1/80 babu mai riƙe shi ya tsaya. Ƙari a kan haka, a ƙaramar sensa in ka wuce f/11 zuwa f/16 hasken da ke matsewa ta ƙaramin rami yana bazuwa, hoton gaba ɗaya sai ya yi laushi ko da kamarar a kan dutse take.

Abin da muka yi shi ne muka bar ƙwari tukuna. Muka jingina rula a karkace a jikin kujera, muka manna busasshen ganye a kan lamba 15, ya tsaya mita 2 da rabi yana ɗauka, kowane saiti hoto goma. Da muka baza su a allo sai muka ga ashe dishi-dishin iri uku ne, shi yana kallonsu a matsayin abu ɗaya.

Na farko, lambobin rular sun fito bibbiyu kamar an ja su gefe, kuma babu inda ya fito garau a hoton gaba ɗaya. Wannan rawar hannu ce. Tsohuwar ƙa'idar da aka sani ita ce saurin shota kada ya gaza ɗaya bisa tsawon lensi, a sensarsa kuma sai ka ninka da 1.6, 400mm ya zama kamar 640mm, wato 1/640 ne mafi ƙaranci. Amma wannan ƙa'idar ta abu mai nisa ce, a kusa komai ya ƙara girma har da rawar. A gwajinsa sai da ya kai 1/1000 lambobin suka daina rabuwa biyu.

Na biyu shi ya fi ba shi mamaki, kuma shi ne ya fi yawa. Hoton garau yake, amma a wurin da ba a so, lamba 14 ta fito tas ko 16, ganyen da ke 15 kuma ya narke. A girman 0.22x kaurin wurin da ke fitowa tas wajen milimita 5 ne a f/5.6, kamar 8 a f/8, kamar 10 a f/11. Shi kuma ya saba da yadda ake yi wa tsuntsu a kan reshe, ya danna rabi fokas ya kulle, ya gyara tsarin hoto, sannan ya ƙarasa dannawa. A wannan ɗan tsakanin jikinsa ya yi gaba ko baya da santimita ɗaya ko biyu bai sani ba, duk mai tsaye yana wannan lilon. A kan tsuntsu mai nisan mita 15 ba komai ba ne, a nan kuwa ya ninka kaurin fokas ɗin gaba ɗaya. Na sa shi ya leƙa ya tsaya cak yana kallon lambobin, sai ya ga fokas yana yawo tsakanin 14 da 16 da kansa daidai da numfashinsa, ya sauke kamara yana dariya.

Na ukun ba mu gan shi a ɗaki ba sai da muka fita da rular waje muka rataye ganyen da zare. Iska ce. Kamara a kafe, fokas daidai, amma abin da ake ɗauka yana lilo.

Akwai wani abu da ya ɗauka wanda gwajin ya warware masa, wai dogon lensi ne ke sa fokas ya yi siriri haka, da makro 100mm ne, lensin da aka yi don ɗaukar ƙananan abubuwa a kusa, da ya fi kauri. Ba haka ba ne. In girman ƙwaron a hoto ɗaya ne kuma ƙofar haske ɗaya ce, kaurin fokas kusan ɗaya ne ko da wane lensi ka ɗauka. Abin da ke canzawa shi ne nisan da ka tsaya da kuma yadda bayan hoton zai kasance.

A ƙarshen sati na 9 ya tsayar da saiti: ƙofar haske f/8, wani lokaci f/11 in rana ta yi ƙarfi, shota 1/1000, ISO kuma ya sake shi ya tashi yadda ya ga dama har 1600. Fokas ya mayar da shi mai bin abu ba mai kullewa ba, ɗigo ɗaya tak, a kan ido. Yana ɗaukar uku ko huɗu a jere maimakon ɗaya. Sannan ya ɗaura lensin a kan monofod, sandar nan mai ƙafa ɗaya, ta maɗaurin da ke jikin lensin ba ta gindin kamara ba, don nauyin ya zauna a tsakiya.

Sati na 10 zuwa na 12: komawa bakin tafki

Saitin ya rage ɓarna sosai, amma abin da ya canza hotunan a wannan zangon halin ƙwaron ne da ya fara lura da shi. Irin mazarin nan masu zama a kan tsinke suna da wurin zamansu, ya tashi ya kori wani ko ya cafko sauro, ya zagayo ya dawo kan tsinken nan dai. Da can in ya tashi sai mutumin ya bi shi da gudu cikin ciyawa. Yanzu sai ya kafa sandar kamara mai ƙafa uku mita 2 da rabi daga tsinken, ya saita fokas a kansa tun babu kowa, ya zauna. Wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci goma.

Ya kuma sauya lokacin fita. Ƙwari ba sa ɗumama jikinsu yadda muke yi, da sassafe kafin rana ta buge su suna nan a sanƙare, wasu ma da raɓa a fukafuki, iska kuma yawanci ba ta taso ba. Hasken ya yi ƙasa, ISO yana kaiwa 1600, amma tunda abin ba ya motsi kuma kamarar tana kan ƙafa uku sai ya iya saukar da shota zuwa 1/250, ya sa taima ta daƙiƙa 2 don kada hannunsa ya girgiza ta wajen dannawa.

Sai maganar kusurwa. Tunda fokas ɗin bai wuce milimita 8 ba, dole jikin ƙwaron ya kwanta daidai da fuskar sensa. In ya ɗauka daga gefe sosai, daga ido har ƙarshen wutsiya suna shiga, fukafukai su narke. In daga baya ne ta sama, fukafukai huɗun su fito da jijiyoyinsu. In kuwa ya tsaya a karkace, ido kaɗai zai samu, wutsiya ta tafi. Sau da yawa gyaran bai wuce ya matsa gefe da taku ɗaya ba.

A nan ne kuma ya gano abin da lensin yake da shi wanda bai nema ba. A sensarsa 400mm yana ganin fili mai faɗin digiri 3 ne kawai da ɗan kai, saboda haka ɗan yanki ne ƙarami na bayan ƙwaron ke shiga hoto, kuma a narke. Hoton da ya fi so a duk sati 12 ɗin na ranar ƙarshe ne, jan mazari a kan tsinke, da farko bayansa akwai farar leda da ta maƙale a ciyawa tana haska gefen hoton, ya rage tsawon ƙafafun da kamar taƙi ɗaya ya matsa hagu kaɗan, ledar ta fita, bayan ya koma kore sumul na ciyawar da ke can tsallaken ruwa. A hoton ana iya ganin gashin ƙafafunsa da ɗan tsagin da ke fukafukin baya na dama.

Inda aka tsaya, da yadda nake ganin abin

Abin da yake ɗauka yanzu da wannan haɗin shi ne duk abin da girmansa ya kama daga santimita 4 zuwa 10 kuma ba ya yarda a matso shi, mazari, malam-buɗe-littafi, kwaɗo a cikin ruwa, kan ƙadangare, furen da ke tsakiyar tafki inda ƙafa ba ta kaiwa. Tururuwa da idon ƙuda sun fi ƙarfinsa, wannan aikin makro ne na gaske mai 1:1, wato abu ya fito a kan sensa da ainihin girmansa, irin 100mm da ke kama fokas a santimita 30, kuma ya haƙura da su.

A ganina sati biyar na farko sun tafi ne a kan tambayar da ba ita ba ce. Yana ta neman yadda zai matsa kusa, alhali amfanin dogon lensi a wannan aikin shi ne ba sai ka matsa ba, gilashin +2 ɗin nan ya ba shi girma mai yawa ya kuma ƙwace masa tazarar da ita ce jarinsa. Zoben 36mm ya yi aiki ne saboda ya ƙara girman daidai gwargwado ya bar shi a mita 2. Kuma ko zoben bai isa shi kaɗai ba, da ba mu zauna da rular nan ba da ya mayar min da shi yana cewa ba shi da kyau, don kusan duk dishi-dishin daga motsin jikin mutumin ne da tsoron ISO. Talikonbata kuwa ban ce dabara ce mara kyau ba, a kamarar da ke yin otofokas a f/8 da sakamakon ya bambanta.

Wanda zai sayi lensi yau don irin wannan aikin, lambar da zan ce ya fara dubawa a takardar ita ce iyakar girman da yake bayarwa, kafin ma tsawonsa. Canon EF 100-400mm na biyu da ya fito a 2014 yana kama fokas a ƙasa da mita ɗaya kuma yana kai 0.31x babu zobe babu komai, EF 300mm f/4L IS yana kai 0.24x a mita 1.5. Ko wannensu da ya kai shi inda ya kai tun satin farko.

Matsala ɗaya ce har yanzu ba ta da magani. A sati na 11 yana zaune gaban tsinkensa da zobe a jiki, sai ga zalɓen da ya daɗe yana jira ya sauka kamar mita 12 daga inda yake, da kifi a baki. Kafin ya kwance lensi ya zare zoben ya mayar, zalɓe ya haɗiye kifinsa ya yi gaba. Zoben nawa dai har yau yana wurinsa bai dawo min da shi ba.